MUDUN DA MAI SAYE BA YA GANI



A dā, in mutum yana so ya sayar da abinsa, sai ya jira ranar kasuwa. Ya ɗora wa jaki ko amalanke, ya je ya baje kayansa a rumfa. Mai saye ya zo ya duba da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama. In hatsi ne, a gabansa za a auna. In tiya ba ta cika ba, nan take zai yi magana.

Yau kasuwa ta shiga cikin waya. Kai, ko matarka, ko ɗanka, kuna ɗaukar hoton kaya ku sa a WhatsApp ko Facebook. Mutum yana zaune a Yamai, ya ga kilishin Madawa, ko albasar Galmi, ko takalman fata na Damagaram, ko man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ya turo kuɗi ta Nita, ko Amana, ko Airtel Money. Kai kuma ka ɗaure kayan ka kai tasha, mota ta tafi da su. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne. Daga Damagaram kuwa kusan 900. Ba ku taɓa ganin juna ba, watakila kuma ba za ku taɓa gani ba.

Wannan hanya alheri ce, mu gode wa Allah dominta. Gwauruwa tana iya sayar da aikin hannunta ba tare da ta bar 'ya'yanta ba. Manomi yana iya samun mai saye ba sai ta hannun dillali ba. Amma cikin wannan ciniki akwai mudu guda wanda mai saye ba ya gani. Shi ne kuɗin aike. Kai kaɗai ka je tasha, kai kaɗai ka san abin da ka biya. Duk abin da ka faɗa masa, shi zai turo. A kan wannan mudu nake so mu yi magana, da kuma a kan mayar da kuɗi in ciniki ya lalace.

ALLAH YANA DUBAN MA'AUNI

Watakila ka ce, “Wannan ai ƙaramin abu ne. Me ya haɗa shi da bangaskiya?” Ɗan'uwana, buɗe Littafi Mai Tsarki ka gani.

Cikin Littafin Firistoci sura 19, surar da ta umarce mu mu ƙaunaci maƙwabcinmu ita ce kuma ta yi maganar awo da ma'auni na gaskiya. Cikin Maimaitawar Shari'a sura 25, an hana mutum ya riƙe duwatsun awo iri biyu cikin jakarsa, babba da ƙarami. Ka san amfaninsu. Da babban yake saye, da ƙaramin yake sayarwa. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, ya yi wa'azi fiye da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu. A sura 8 ta littafinsa ya tsauta wa 'yan kasuwar da suke ƙosawa ranar hutu ta wuce domin su koma ciniki, suna rage mudu, suna ƙara kuɗi, suna sayar da sharar alkama. Mutanen nan masu zuwa sujada ne. Sujadarsu ba ta rufe ha'incinsu ba.

Su dai suna ha'inci a gaban mai saye, suna tsoron kada ya gane. Kai kuwa babu mai ganinka. Saboda haka gwajinka ya fi nasu girma. Nisa yana rufe idon mai saye, amma babu nisa tsakanin tasha da idon Allah.

MENE NE KUƊIN AIKE?

Kuɗin aike amana ne. Mai saye ya ba ka domin ka biya hanya a madadinsa. A wannan wuri kai ɗan aike ne. In ka aiki yaronka kasuwa da jikka guda ya sayo gishiri da sabulu, kana sa rai ya kawo canji. In ya riƙe canjin ya ce kuɗin duka sun ƙare, me za ka kira shi?

Dubi yadda gidan waya yake yi. Kafin shekarar 1840, a Ingila yawanci wanda aka aika wa wasiƙa shi yake biya, kuɗin kuwa yana da yawa, lissafinsa yana da wuya. Wani malamin makaranta, Rowland Hill, ya ba da shawara cewa mai aikawa ya biya tun da fari, bisa ga nauyin wasiƙar. A 1840 aka fitar da kan sarki na farko, peni ɗaya domin ƙaramar wasiƙa zuwa ko'ina cikin ƙasar. A 1874 kuma ƙasashe suka taru a birnin Bern suka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya. Har yau in ka kai ƙunshi gidan waya, a gabanka za a ɗora shi bisa sikeli, a faɗa maka kuɗin, a ba ka rasit. Mutane suka yarda da wannan hanya domin awon a fili yake. Haka ya kamata naka awon ya zama.

Kada ka ji kamar ana ce maka ka yi aikin banza. Allah bai hana ka ladan wahalarka ba. Kwali kuɗi ne. Leda da igiya kuɗi ne. Kabu-kabun da ya kai ka tasha ya komo da kai, shi ma kuɗi ne. Duk waɗannan kana da iko ka sa su cikin lissafi. Abin da ake bukata shi ne ka kira kowane abu da sunansa.

Ga misali. A ce an karɓi jikka 2 a tasha. Kwali da igiya dala 100, wato rabin jikka. Kabu-kabu dala 100. Duka jikka 3 ke nan. In ka ce wa mai saye, “Mota jikka 2, ɗauri da kaiwa tasha jikka 1,” ka yi gaskiya, kuɗin kuma halal ne gare ka. In kana so ka sa ladan lokacinka, faɗa masa, in ya yarda shi ke nan. Amma in ka ce, “A tasha sun karɓi jikka 4,” alhali jikka 2 ka biya, ka yi ƙarya, ka kuma ci amana.

HANYOYIN DA MUDUN YAKE RAGUWA

Ta fari. Mutum ya sa wa kayansa araha cikin hoto domin ya ja masu saye, sa'an nan ya ɓoye sauran ribar cikin kuɗin aike. Wannan tsohuwar dabara ce. A babbar kasuwar intanet da ake kira eBay, akwai masu sa kuɗin kaya kaɗan, kuɗin aike mai yawa, domin a lokacin kamfanin yana cire kasonsa ne daga kuɗin kaya kawai. A shekarar 2011 kamfanin ya fara lissafta kasonsa a Amurka har da kuɗin aike. In kamfani ya gane wannan dabara, ashe Allah ba zai gane ba? Sa ribarka bisa kayanka, inda mai saye zai gan ta ya yi ciniki.

Ta biyu. Mutum ɗaya ya sayi abu uku a wurinka. Ka sa su cikin kwali guda, ka biya mota sau ɗaya, amma ka karɓi kuɗin aike sau uku. Ko kuwa mutum uku a gari ɗaya, ka haɗa kayansu cikin buhu guda, kowa ya biya cikakken kuɗin buhun. Raba musu abin da ka biya.

Ta uku. Ka karɓi kuɗin mota, sai ga wani ɗan'uwa zai yi tafiya, ya ɗauki saƙon kyauta. Ka ce Allah ne ya kawo maka rabo. A'a. Alherin nan na mai saye ne, gama kuɗinsa ne ba a kashe ba. Mayar masa, ko ka tambaye shi in zai yarda a ba mai ɗaukar saƙon goro daga ciki.

Ta huɗu. Ka ƙiyasta jikka 3, da ka je tasha aka karɓi jikka 2. Ba ka yi niyyar cuta ba. Amma da zarar ka san akwai canji ka yi shiru, ta zama cuta. Kira shi ka ce, “Kana da jikka guda a wurina. In turo, ko in riƙe maka har saye na gaba?” In ya ce ya bar maka, ka ci da farin ciki, gama kyauta ce.

To, in abin ya juya fa? Ka ce jikka 2, aka karɓi jikka 3. Nuna masa rasit, ka roƙe shi ya cika. In ya ƙi, ka ɗauki hasarar, ka aika da kayan. Kada ka riƙe kayan mutum kamar jingina bayan ka ba da magana. Alkawari kaya ne. Zabura ta 15 ta lissafta halayen wanda ya isa ya zauna kusa da Allah, cikinsu har da tsayawa a kan alkawari ko da cikawarsa za ta jawo hasara. Gobe sai ka tambayi kuɗin mota kafin ka yanke magana.

KAFIN KAYA SU BAR HANNUNKA

Rigakafi ya fi magani. Cikin littafin Ezra sura 8 akwai labarin wani babban saƙo. An ba Ezra azurfa da zinariya da kwanoni ya kai daga Babila zuwa Urushalima, tafiyar wata huɗu. A bakin kogin Ahawa ya zaɓi mutum 12 daga cikin manyan firistoci, ya auna kayan a hannunsu. Da suka isa, aka sake aunawa cikin Haikali, aka ƙidaya, aka rubuta. Firistoci ne, amintattu ne, duk da haka aka auna sau biyu. Awon nan bai zubar da mutuncinsu ba. Shi ne ya tsare sunansu daga zargi.

Kai ma ka yi haka. Ɗauki hoton kayan kafin ka ɗaure. Ɗaure da kyau, gama hanya tana da nisa, kwalinka kuma zai kwana ƙarƙashin kayan wasu. Ɗauki hoton rasit ka tura wa mai saye. Faɗa masa motar da ranar isowa. Tun kafin ya turo kuɗi ku yi magana a fili: in kayan ba su yi masa ba, kwana nawa yake da shi ya mayar, wa kuma zai biya hanya? Ku bar maganar a rubuce, ko cikin saƙon murya. Kada ka ji kunyar wannan ko da ɗan ikkilisiyarku ne. Yawancin rigimar da takan zo gaban dattawa, daga maganar da ba a yi ba tun farko take fitowa.

IN CINIKI YA LALACE, WA ZAI BIYA?

Tambaya ɗaya za ta taimake ka: daga hannun wa ɓarnar ta fito?

In daga hannunka ne. Ya ce takalmi lamba 42, ka aika 40. Ko hoton da ka nuna ya fi kayan kyau. Ko ba ka rufe jarkar mai da kyau ba, ya tsiyaye a hanya. A nan sai ka mayar da duka: kuɗin kaya, da kuɗin aike, da kuɗin komowa da kayan, har da abin da aka cire masa wurin turo kuɗi. Waɗansu sukan ce, “Ga kuɗin kayanka, amma na mota ya riga ya tafi.” Ka yi tunani. Mutum ya biya jikka 10 na kaya da jikka 3 na aike. Ya sake biyan jikka 2 ya komo da su. Ka mayar masa jikka 10. Ya yi hasarar jikka 5, hannunsa wofi, laifin kuwa naka ne. Da kai aka yi wa haka, za ka ce an yi maka adalci?

In daga hannun mai saye ne. Kayan daidai suke da yadda ka faɗa, shi ne ya sake shawara. In ya komo da su lafiya, ka mayar masa da kuɗin kaya, shi kuma ya ɗauki nauyin hanya. Ko dokokin duniya sun san wannan bambanci. A ƙasashen Tarayyar Turai, har da Faransa, tun 2014 wanda ya sayi abu daga nesa a hannun ɗan kasuwa yana da kwana 14 ya fasa. Ɗan kasuwa zai mayar da kuɗin kaya da kuɗin aike na yau da kullum, mai saye kuma yakan biya kuɗin komowa. Abin da yake saurin lalacewa, kamar ɗanyen abinci, ba ya cikin wannan doka. Dokar tasu ce, ba ta ɗaure mu a nan ba. Amma in masu mulkin duniya sun zauna sun auna wannan abu dalla-dalla, bai kamata a iske 'ya'yan Allah suna abin da bai kai wannan ba.

In a hanya ne kayan suka ɓace. Wannan ya fi wuya. Cikin Fitowa sura 22 Allah ya ba da ka'idodi a kan abin da aka ba mutum ajiya ya ɓace ko ya lalace. Ana bincike, ana neman shaida, ana raba sakaci da tsautsayi. In kai ka zaɓi motar, rasit kuma yana hannunka, kai ne za ka bi sawu. Kada ka ce, “Ni dai na aika,” ka kashe waya. Mai saye bai sami abin da ya biya ba. Ka sake aika masa, ko ka mayar da kuɗinsa, sa'an nan ka nemi hakkinka a tasha. In shi ne ya ce ka ba direbansa ko ɗan'uwansa, to, tun da ka danƙa musu, nauyin ya koma kansa. In kuwa hatsari ne ko ambaliya, abin da ba mai iya hanawa, ku zauna da dattawa ku ga yadda za ku raba hasarar, mai ƙarfi ya ɗauki fiye da marar ƙarfi.

In za ka mayar, ka mayar da sauri. “Gobe, gobe,” har mutum ya gaji ya bari, wannan ma wata hanyar cin hakki ce.

KALMA GA MAI SAYE

Kai ma mai saye, akwai mudu a hannunka wanda mai sayarwa ba ya gani. Karin Magana sura 20 ta san halin mai saye wanda yake kushe kaya a gaban mai su, in ya tafi kuma ya riƙa fariya da arahar da ya samu. Kada ka ce saƙo bai iso ba alhali yana ɗakinka. Kada ka bar albasa ko cuku kwana da kwanaki a tasha, in sun lalace ka ce haka aka aiko. Kada ki sa tufafi ki je biki, sa'an nan ki ce ba su yi miki ba. Kada ka matsa wa matalauciya ta aiko maka kyauta, gama daga abincin 'ya'yanta kuɗin motar zai fito. In an yi kuskure an mayar maka fiye da hakkinka, ka faɗa.

In kun sami saɓani, kada ka fara da watsa hoton mutum cikin waya kana kiransa ɓarawo. Ubangiji ya koya mana hanya cikin Matiyu sura 18. Ka fara yi masa magana tsakaninka da shi. In bai ji ba, ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Sa'an nan a kawo gaban ikkilisiya. Sunan da ka ɓata cikin minti ɗaya, shekara ba za ta gyara shi ba.

IN KA RIGA KA CI FA?

Watakila kana karanta wannan takarda zuciyarka tana tuna maka da wani canji da ka riƙe. Kada ka taurare zuciya. Cikin Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ci amana sai ya mayar da abin duka, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, a ranar da ya kawo hadayarsa. Wato mai cin jikka 5 ya mayar da jikka 6. Ka lura, mayarwa da hadaya tare suke tafiya. Kada ka sa kuɗin wani cikin baiko ka ce ka wanke shi.

Lambar mutumin tana cikin wayarka. Tura masa, ka gaya masa dalili. In ka neme shi da gaske ba ka same shi ba, ko wani nasa, Littafin Ƙidaya sura 5 ya nuna cewa irin wannan biya yakan koma ga Ubangiji. Kawo wa dattawa a ba mabukata.

Tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, cikin Luka sura 19. Arzikinsa daga ƙari bisa abin da aka ƙayyade ya fito. Yesu ya shiga gidansa tun bai biya kowa ba. Da ya karɓi Yesu, sai ya tashi da kansa ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Bai sayi ceto da kuɗi ba. Ceto ne ya shiga gidansa ya buɗe hannunsa. Kai ma, bashin zunubinka ya fi ƙarfinka, Yesu ya biya shi duka bisa gicciye. Wanda aka yafe wa wannan babban bashi, yaya zai riƙe jikka guda ta maƙwabcinsa?

Ka tuna kuma da gidanka. Sau da yawa yaro ne yake riƙe da waya, uba ko uwa suna faɗa masa abin da zai rubuta. Shi ya raka ka tasha, ya ga abin da ka biya. In ka ce ya rubuta jikka 4, ka koya masa darasin da makarantar Lahadi za ta sha wuya kafin ta kankare. Da yawa cikin masu sayen kayanka kuma ba za su taɓa shiga majami'a su ji wa'azi ba. Amma sun san kai Kirista ne. Ran da ka turo wa mutum canjin da bai san da shi ba, zai tambayi kansa dalili. Ka shirya ka ba shi amsa.

A daren yau ku zauna da iyalinka, ku duba cinikin da kuka yi cikin wannan wata. In akwai canjin wani, ku fitar da shi kafin Lahadi. Sa'an nan ku yi wannan addu'a tare.

Ya Ubanmu na Sama, kai ne mai ganin abin da yake ɓoye. Mun gode maka domin aikin hannuwanmu da masu saye da kake kawo mana daga nesa. Ka gafarta mana inda muka riƙe abin da ba namu ba. Ka ba mu ƙarfin hali mu mayar. Ka sa awonmu ya zama ɗaya, ko ana ganinmu ko ba a gani. Ka tsare kayanmu da masu tuƙi a hanya. Ka biya bukatar gidanmu ta hanyar gaskiya, domin a girmama sunanka ta wurin cinikinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.